Shekarar Da Na Kira 'Yata Da Sunanta

Kun daɗe kuna ba abokanku labarin wai ni da kakarku ta wajen uwa mun yi faɗa ne a kan naman alade. Na ji Usman ya faɗa a wajen bikinsa, mutane suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ranar biki ba ranar gyaran zance ba ce. To yau ga ni zaune, aiki ya ƙare, gwiwa ta hana ni yawo, bari in gyara muku. Alade bai taɓa shiga tsakanina da ita ba. Abin da ya shiga tsakaninmu ladabi ne, irin wanda aka koya mini a Kano tun ina ƙarami, na ɗauko shi ɗungurungum na kawo Amurka ban rage komai ba. Mamanku tana nan gefena, ta ce in rubuta yadda aka yi kada in ƙara gishiri. Zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawari ba.

Na zo New York a ƙarshen shekarun sittin don in koyi aikin gwajin jini, da niyyar ina gamawa in koma gida. Sai na haɗu da mamanku Loreta a asibitin da nake koyon aiki a Bronx. Ita nas ce a ɗakin yara, ni kuma kullum sai na samo dalilin hawa benensu, ko da ba wanda ya aike ni. Ita ce auta a gidansu. Mutanen Karolina ta Kudu ne, daga wani ƙauye a bakin ruwa inda aka yi noman shinkafa a zamanin bauta. Mahaifinta ya rasu, yayyenta sun watsu a biranen arewa neman aiki, tsohuwar ce kaɗai ta rage a gida da kajinta da 'yar gonarta. Da aka tashi ɗaura mana aure, wanda ya tsaya mini a matsayin uba shi ne Alhaji Garba, direba a ofishin jakadancinmu. Ɗan unguwarmu ne, tare suka yi karatun allo da mahaifina, ya san gidanmu har ɗakin da aka haife ni. Mahaifiyar Loreta ba ta samu zuwa ba, ta aiko mana da bargon da ta harhaɗa da hannunta daga tsofaffin riguna. Saboda haka ban taɓa sa ta a ido ba sai da haihuwar fari ta gabato.

Lokacin muna zaune a unguwar Morrisania, a wani gidan bene mara lif, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a cikinsa. Sanyi ya fara shigowa sa'ad da ta iso a motar bas, da akwati ɗaya da buhun shinkafa da ƙullin wake. Doguwar mace ce siririya, baƙa wuluk, da hula a kanta kamar za ta coci, kuma idan ta kalle ka sai ta kalle ka sosai. Tana shigowa na tuɓe takalmi, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai na gaishe ta. Ta miƙo hannu biyu za ta rungume ni, na ja da baya ina ta maimaita sannu da zuwa. A raina ina cewa yau tsohuwar nan za ta ga ɗan mutunci. Ita kuwa ta tsaya da hannuwa a buɗe, can ta sauke su, ta tambayi 'yarta ko wani abu na yar a ƙasa.

Daga nan na ci gaba da ladabina. Idan ta shigo falo in miƙe in ba ta wuri. Idan ta yi mini magana in amsa da kalma ɗaya, idona a kan tabarma. Abinci kuwa, wa ya taɓa ganin suruki ya zauna yana tauna a gaban surukarsa? Sai in ɗauki kwanona in shige ɗaki in tura ƙofa. Ashe baiwar Allah nan tun kafin ta baro gida ta tambaya me nake ci me ba na ci, ta sayi sabuwar tukunya don kada ta dafa mini a wadda alade ya taɓa shiga, ta koyi hanyar mahaucin Musulmi da ke can nesa da mu, tana hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin sanyin nan don ta sayo naman da zan ci. Kun ga inda maganar alade ta tsaya ke nan. Ta dafa jar shinkafarsu mai kama da dafa-dukanmu, ta shimfiɗa farin zane a tebur, ta jera faranti uku, ni kuma in zo in ɗauke nawa in wuce. Abincin na da daɗi ƙwarai, a bayan ƙofa nake sanya mata albarka.

Allah ya sauki mamanku lafiya, aka samu mace. A nan ne na yi abin da nake ganin ya fi komai girma a hannuna. Ba wanda ya roƙe ni, na ce wa Alhaji Garba sunan surukata za a sa. Su suna cewa Hega, mu muna cewa Hajara, suna ɗaya ne, na mahaifiyar Annabi Isma'ila. Ranar suna Alhaji ya kawo rago yankakke a but ɗin motarsa, 'yan uwanmu na Nijeriya da Nijar da 'yan Zangon Gana suka cika falo har kan matakala. Da aka raɗa suna aka faɗa wa jama'a, tsohuwar ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata. Ta tsallake ƙafafun mutane ta zo ta kama hannuna ta riƙe gam, ni kuwa ji nake ina ma ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauka daga ranar komai ya daidaita.

Washegari na ce wa mamanku daga yau Ummi za mu riƙa kiran yarinyar. Ku da kuka tashi a nan, bari in bayyana muku. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya nuna yana sonsa. Ba ya kuma kiran sunan surukarsa ko da wuƙa a wuya. To ga yarinya 'yar fari, ga ta da sunan suruka, kunya biyu ta haɗu a kan jaririya ɗaya. Na shiga cewa Ummi ta yi kuka, Ummi ta yi barci, in tsohuwar na kusa ma sai in ce yarinyar nan. In ta miƙo mini ita sai in ce hannuna da sanyi. Allah ya sani idan suka fita wankin kaya na kan ɗauke ta in yi ta zagaya ɗaki da ita ina yi mata waƙa, amma ba mai gani sai bango.

Makonni suka shuɗe a haka, gidan ya yi shiru. Tsohuwar ta daina shimfiɗa farin zanen. Ta kan zuba nawa abincin ta rufe ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Ni a wautata sai na ji daɗi, na ce ga shi ta fara gane al'adarmu. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Wata Asabar da safe mamanku ta ce in raka ta shagon injin wanki da ke ƙasan layinmu. Muna zaune kaya na juyawa sai na ga tana kuka. Ta ce mahaifiyarta ta haɗa akwati, ana gama sabuwar shekara za ta koma, kuma ta ce ba za ta ba ta sunayen ba. Na ce waɗanne sunaye? A nan ta ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba, ni da nake taƙama da cewa na fito daga ƙasar masu asali.

Ta ce a zamanin bauta ranar farko ta shekara ita ce ranar da masu gonaki ke daidaita harkokinsu, a sayar da wannan bawa, a ba da hayar wancan. Mutum zai kwana da iyalinsa ya tashi a rabe da su. Kakar kakanninsu, Hega ta farko, a irin wannan rana aka raba ta da 'ya'yanta, ba ta sake ganinsu ba. Tun daga nan duk ranar farko ta shekara sai ta tara waɗanda suka rage mata ta kira sunayen waɗanda aka tafi da su ɗaya bayan ɗaya, sauran su amsa musu. Da aka samu 'yanci zuriyarta suka mallaki ɗan fili a bakin ruwan, da maƙabartarsu a gefe, kaburburan ba duwatsu ba rubutu. A takardun hukuma kuwa in ma an ambace su, tare da shanu da garmuna aka ambace su. Saboda haka tarihin gidan duka a baki yake, a wajen mace ɗaya a kowane zamani. Ita ke kiran sunayen tun daga farko har zuwa jaririn da aka haifa a shekarar, kuma kafin ta mutu ta kan zaɓi wadda za ta koya wa. Yayyen mamanku mata ba su damu ba, ita ce tun tana ƙarama take zama kusa tana motsa leɓe. Yanzu tsohuwar ta ce gara sunayen su bi ta kabari da ta zuba su a gidan da ake ɓoye suna.

Na ce ai girmamawa ce, ki gaya mata mana. Ta ce ta gaya mata ba sau ɗaya ba, tsohuwar ta ce mai baki ya faɗa da bakinsa. Sannan ta share ido ta dube ni.

"Habib, ni ma ban taɓa jin ka kira sunan 'yarka ba. Na san dalili, amma sanin dalili bai hana abin yi mini ciwo ba."

Ta ƙara da cewa a ƙa'idar kiran, idan aka zo kan sabon jariri, uban ne ke miƙewa ya faɗi sunan da ƙarfi, sannan mai kira ta karɓa ta sa shi a layi. In uban bai faɗa ba, yaron bai shiga ba. Na zauna ina kallon rigunan jariri suna juyawa a cikin kumfa, raina duk ya jagule.

Da yamma na tafi unguwar Soundview wajen Alhaji Garba na kwashe komai na faɗa masa. Yana shan shayi, ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ya tuƙa manya iri-iri a garin nan, ya ga yaranmu da yawa sun zo da hula sun koma ba kai. Ya ce ba a rana ɗaya ake lalacewa ba, yau ka kira sunan surukarka, gobe ka miƙa wa ubanka hannu a tsaye. Ya tuna mini cewa mahaifina amanata ya ba shi, kuma duk abin da aka yi a New York kafin wata ya zagayo an ji shi a Kano, don masu zuwa da komowa ba sa rabuwa da filin jirgi.

"Kai dai ka riƙe kunyarka, Habibu. Ni zan zo ranar in yi mata eksplen da kaina. Tsoho da tsohuwa ba sa rasa fahimtar juna."

Na dawo gida, gaba kura baya sayaki. Kada ku ɗauka abin wasa ne. Ku kuna ganin kalma ce kawai, buɗe baki ka faɗa. Ni kuwa ji nake kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Kuma ina tsoron mahaifina, mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba, shirunsa kaɗai ya ishe ni azaba.

Ranar farko ta shekara na tashi da safe na tarar an yi dusar ƙanƙara, gidan ya cika da ƙamshin shinkafa da wake, wanda su ma shi suke ci a wannan rana kamar dai garau-garau ɗinmu. Na leƙa kicin zan ɗauki ruwan zafi in sulale, sai tsohuwar ta sa ƙafa ta tura ƙofar ta rufe. Ta nuna mini kujera. Na zauna a bakin-bakinta, kaina a ƙasa. Ta ce in ɗago. Na ɗago kaɗan. Ta ce in ƙara.

Ba ta yi faɗa ba, tana juya tukunya tana magana. Ta ce mahaifinta kafinta ne, dogo, kowa na girmama shi a ƙauye, amma in suka shiga gari ya haɗu da farar fata, ko yaro ne, sai ya cire hula ya sauka daga kan hanya ya sunkuyar da kai. Ta ce tana ƙarama tana riƙe da hannunsa take ganin wannan da idonta. Ita kanta ta yi shekaru tana dafa abinci a gidan fararen fata, ta jera musu tebur, ita ta ci nata a tsaye a bayan kicin, kuma ba su taɓa kiranta da sunanta ba, sunan tsohuwar kukunsu da ta mutu suka liƙa mata don ya fi musu sauƙi. Ta ce da aka gaya mata 'yarta ta auri mutumin Afirka, ta yi ta murna za ta ga baƙin mutum da ba a taɓa tanƙwara wa wuya ba. Sai ga shi ya zo yana durƙusa mata, ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci a teburinta. Ta rasa gane ko raina ta nake yi ko kaina na raina, kuma duka biyun ba ta so.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki na yi mata magana mafi tsawo da na taɓa yi wa wata suruka a duniya. Na ce a garinmu abin da ka fi girmamawa shi kake rufewa. Na ce mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayana na fari ba har ya rasu, kuma ba wanda ta so kamarsa. Na ce na ci abincinta duka, har ƙanzo na kan kankare. Wannan ya sa ta murmushi kaɗan. Ta rufe tukunyar ta juyo.

"Na ji, ɗana, kuma na yarda ba raini ba ne. Ku kuna iya ɓoye suna domin kun tabbata yana nan inda kuka ajiye shi. Mu duk sunan da muka yi shiru a kansa, tafiya yake yi. Ba zan tilasta ka ba. Idan na zo kan yarinyar zan tsaya in jira, abin da ka ga dama ka yi."

Da azahar dangin mamanku na Harlem da Brooklyn suka cika falon, mata da hulunansu, maza da kwat. Alhaji Garba ya iso cikin babbar riga da kot a kai, aka ba shi kujera mai hannu. Ya fara bayanin da ya yi alkawari, da Turancinsa na direbobi, ya ce a Afirka suruka kamar sarauniya ce. Tsohuwar ta gode masa da ladabi ta cika masa faranti, bayanin ya tsaya a nan. Da aka ci aka ƙoshi sai ta miƙe ta tsaya a jikin taga, kowa ya yi tsit. Ba takarda a hannunta, ba komai. Ta rufe ido ta ce Hega. Falon gaba ɗaya ya amsa, tana nan tare da mu. Ta ce Keto, wanda aka tafi da shi jihar Jojiya. Yana nan tare da mu. Bina, wadda aka sayar tana goyo. Tana nan tare da mu. Ta bi su haka, wanda ya haƙa magudanar shinkafa, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauye, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba, wanda ruwa ya ci shekarar babbar guguwa. Kowane suna da 'yar alamarsa, kalma biyu ko uku, iyakar abin da ya rage na mutum ke nan. Da ta iso kan rayayyu, kowa ya ji sunansa sai ya amsa da kansa. Na kalli mamanku, leɓunanta na motsi, tana riga tsohuwar isa kowane suna.

Sai ta kira Loreta, ta amsa. Sannan ta yi shiru ta buɗe ido.

Ban san tsawon shirun ba. Na ji bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa, na ji wani yaro a waje yana kiran ɗan'uwansa. Na dubi Alhaji, ya kafe ni da ido yana jan carbi. Abin da ya tashe ni ba jarumta ba ce. Tunani na yi, mutanen nan an ƙwace musu harshe da gari da addini da komai, abin da suka tsira da shi ke nan, sun riƙo shi baki da baki har ya hau bene ya shigo falona, ni kuma in zama wanda zai yanke shi saboda kunya. Na ga ba zan iya ɗaukar wannan ba. Na miƙe, na je na karɓi jaririyar daga hannun mamanku a gaban kowa, na juya na kalli surukata ido cikin ido. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Hajara. Sunanta Hajara, 'yata ce."

Tsohuwar ta maimaita, falon ya amsa tana nan tare da mu, mamanku ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Na ɗauka an gama, har na fara neman wurin zama. Sai tsohuwar ta ce yarinya ba ta da gefe ɗaya, yanzu jinin gidan ya haɗu da wani, a faɗa mata sunan uwar uban don ta sa shi a layi. Sunan 'ya daban, sunan suruka daban, amma sunan mahaifiyata, tunda aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe baki na rufe. Gumi ya keto mini a cikin sanyin nan.

Daga kan kujera mai hannu sai na ji an yi gyaran murya. Alhaji Garba bai kalle ni ba, tsohuwar yake kallo.

"Rabi'atu," ya ce. "Rabi'atu sunanta. Mace ce mai kirki, maƙwabciyarmu ce."

Tsohuwar ta gwada sunan a bakinta har ya zauna, sannan ta kira shi da ƙarfi. Mutanen da ba su san inda Kano take ba suka amsa cewa tana nan tare da su. Ni da ban yi kuka ba ranar da na baro gida, ranar na yi, da jaririya a hannu, a gaban surukata. Bayan nan ta ja ni teburin, ta zuba mini shinkafa da wake karo na biyu, ta zauna tana kallona har na cinye.

Kada ku ce abin ya tafi a banza. Da na raka Alhaji ƙasa, ya tsaya a matakala ya ce ya faɗa ne don kada in faɗa da bakina, amma abin da na zubar yau ba ya kwasuwa. Ya daɗe bai sake hawa benenmu ba. Labari kuma ya isa Kano kamar yadda ya ce, har da ƙari, wai Habibu yana kiran surukarsa gatsal suna cin abinci a kwano ɗaya. Mahaifina ya daina aiko mini da gaisuwa ta musamman, sai dai a ce yana gaida mutanen Amurka. Na yi ta cewa in na je zan zauna in warware masa, Allah bai nufa ba, ya rasu kafin in samu zuwa. Wannan yana cikin raina har yau, kuma ba na jin zai fita.

Tsohuwar kuwa ta kwance akwatinta. Ta zauna da mu har sanyi ya wuce, kullum da hantsi in ina gida ina jin su a kicin, tana faɗa mamanku na maimaitawa, in ta yi kuskure a koma farko. Da rani ta kai mu ƙauyen, ta zagaya da ni maƙabartar, tana nuna mini tudun ƙasa a ƙarƙashin itatuwa tana cewa wannan wane ne, wannan wance ce. Bayan rasuwarta mamanku ta karɓi kiran, yanzu kuma kun ga Hajara ce ke tsayawa a jikin taga. Usman, Bilkisu, ku ma na kira ku da sunayenku tun ranar farko, ku ba ku ma san an taɓa yin wata wahala a kai ba.

Sai wajen ƙarshen shekarun saba'in na samu na je gida, na tafi da Hajara tana 'yar makarantar firamare. Bayan an gama gaisuwar rasuwar mahaifina mutane sun ragu, wata rana da la'asar na samu mahaifiyata ita kaɗai a tsakar gida tana gyaran zogale. Na zauna nesa kaɗan, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na gaya mata. Na ce akwai wasu mutane a can, jikokin bayi ne, duk shekara suna taruwa su kira sunayen iyayensu don kada su ɓace, kuma sun sa nata a ciki. Ta saki zogalen ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta tambaya ko da ƙarfi suke faɗa. Na ce da ƙarfi, Inna. Har da maza a wurin? Na ce har da maza. Ta yi salati, ta ce Alhaji Garba dai bai kyauta mata ba. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Can ta ce ita ma mahaifiyarta ba 'yar garin nan ba ce, tana ƙarama aka kamo ta daga wani gari a kudu aka kawo ta gidan wani attajiri, har ta mutu ba ta san hanyar garinsu ba. Ta ce duk waɗanda suka san sunanta na yanka sun mutu, saura ita kaɗai. Ban taɓa jin wannan ba, a gidanmu ba a maganar. Ta leƙa zaure ta tabbata ba kowa, sannan ta yafito Hajara da ke wasa a gindin rijiya. Ni ba ta iya faɗa mini ba. Ta jawo yarinyar jikinta, ta sa baki a kunnenta ta raɗa mata, ta sa ta maimaita har ta riƙe.

"Ki kai musu," ta ce. "Ki ce a sa ta kusa da ni."